An haramta mana namanta, ba a halatta azabarta ba

A watan da ya wuce ɗan ƙanwata ya dawo gida Kumasi daga wata gona da aka tura shi koyon aiki. Yaron yana karatun kula da lafiyar dabbobi ne a Pong-Tamale, kuma gonar da ta faɗo masa ta aladu ce. Kafin ya ajiye jaka gida ya rabu biyu. Hajiya, kakarsa, ta ce kada ya kuskura ya shigo mata ɗaki da takalmin nan. Babansa kuwa cewa ya yi ai karatu ne, likita ba ya zaɓen majinyaci. Ni dai ina gefe ina shan shayi, sai yaron ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, ku bar maganar takalmi, dubi wannan tukuna."

Hoton wata aladiya ce kwance a gefenta cikin kejin ƙarfe, 'ya'yanta goma sha wani abu sun yi layi a hantsa. A kan kafaɗarta akwai gyambo mai faɗin bakin kofin shayi, ya yi ja, ya yi rami, ƙudaje sun kewaye shi. Na ce masa cizo ne? Ya ce a'a, Kawu, kwanciya ce. Siminti ne ya ci ta.

Tun ranar abin yake raina. Na san wani zai ce, Malam, duk matsalolin da ke damun Zango, ba ruwan famfo, ba aikin yi, haya ta yi tsada, sai maganar alade za ka kawo mana? Na ji, kuma ba na raina wannan tambaya. Amma ku ba ni aron kunne. Ba ina cewa wani Musulmi ya shiga kiwon alade ko cinikinsa ba ne. Wannan a rufe yake, kuma ni ba malami ba ne da zan buɗe shi. Abin da nake cewa ɗaya ne: mu ne kan gaba wajen neman a kulle aladu, don haka muna da alhaki a kan abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa.

Bari mu fara da shi gyambon, don a san abin da ake magana a kai. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ko mai shanyewar jiki ya san ciwon kwanciya. Idan mutum ya daɗe a gefe ɗaya ba a juya shi ba, ƙashi yana danne fata a kan gado, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, sai miki ya buɗe. To haka yake ga aladiya. A jikin allon kafaɗarta akwai wani tudun ƙashi da ya fito waje, kuma idan ta kwanta a gefe, nauyin kilo 200 ko fiye yana sauka ne a kan wannan ɗan wuri. In akwai kitse da tsoka a tsakani, da sauƙi. In ta rame, babu abin da ya raba ƙashi da siminti sai fata.

Lokacin shayarwa kuwa shi ne lokacin ramarta. Tana ɗaukar ciki kwana 114, abin da masu kiwo ke cewa wata uku, mako uku, kwana uku. Da ta haihu, 'ya'yan suna tsotso kusan kowace awa, dare da rana, kuma irin aladun Turai na yanzu suna iya ba da madara lita 10 a yini. Kafin jiki ya fitar da wannan, sai ta ci abinci kilo 6 zuwa 7, ta sha ruwa lita 20 zuwa 30. In ba ta samu ba, ba ta daina shayarwa, kitsen bayanta take narkarwa ta ba 'ya'ya. Shi ya sa gyambon ya fi fitowa a mako na farko da na biyu bayan haihuwa, kuma yakan fara warkewa bayan yaye. Amma wurin da ya taɓa buɗewa yana saurin sake buɗewa a haihuwa ta gaba.

Sai kuma zafi, wanda shi ne namu na musamman. Alade ba ya yin gumin da zai sanyaya masa jiki. Birgimar da yake yi a taɓo, wadda muke gani mu ce ƙazanta, ita ce fankarsa. Uwa mai shayarwa ta fi jin daɗi a wajen digiri 20, jariran kuma suna son sama da 30. Yanzu ka ɗauki aladiya farar fata irin Large White da manyan gonaki suka fi so, ka sa ta ƙarƙashin rufin kwano a watan Fabrairu ko Maris, babu taɓo, babu iska. Me za ta yi? Za ta rage cin abinci, saboda cin abinci yana ƙara zafin jiki, sannan ta miƙe a gefe ta manne da siminti don ta sami ɗan sanyi, ta daɗe ba ta tashi ba. Rama ta haɗu da doguwar kwanciya. Ruwa ba ya tsami banza.

Ba kafaɗa kaɗai ba. Akwai ƙazuwa, wadda wani ɗan ƙaramin ƙwaro ke haƙa rami a fata, musamman cikin kunne, ya hana dabba sukuni, kuma uwa ce ke shafa wa 'ya'yanta. Akwai tsagewar hantsa daga haƙoran jarirai masu tsini idan suna kokawar nono. Akwai gogewar gwiwa da tsagewar kofato daga kaushin daɓe. Duk waɗannan ƙofofi ne na ƙwayoyin cuta.

Shi kuma kejin haihuwa, tsawonsa mita 2 ne da 'yan kai, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Uwa tana iya tsayawa, tana iya kwanciya, amma ba ta iya juyawa. Ana shigar da ita kwanaki kaɗan kafin haihuwa, ba ta fita sai an yaye 'ya'yan, wato kusan mako huɗu ko biyar. Abin tausayi ma, aladiya halitta ce mai yin sheƙa. Kwana ɗaya kafin ta haihu takan tashi neman ciyawa da ganye ta tara wa 'ya'yanta shimfiɗa. A cikin keji sai ka ga tana tonon siminti da hanci, tana cizon ƙarfe.

Wannan keji ba a nan aka ƙirƙiro shi ba. Daga Turai da Amurka ya zo, kuma ya kamata mu san abin da masu shi suke cewa a kansa yanzu. Denmak ƙasa ce mai mutane kusan miliyan 6, amma aladunta sun kusa ninka mutanenta. A can, tun farkon shekarun 2000 gyambon kafaɗa ya zama maganar jarida da ta hukuma. Likitocin mayanka suna auna zurfinsa daki-daki, kuma idan ya yi tsanani har ya ci cikin nama ko ya kai ƙashi, maganar tana iya kaiwa ga 'yan sanda. Suwidin ta hana kulle uwa a keji tun ƙarshen shekarun 1980. Suwizalan ta yi dokarta a 1997, ta ba manoma shekara goma su gyara gine-ginensu. Nowe ma ta hana. Jamus ta sauya dokarta a 2021: nan gaba ba za a kulle uwa fiye da kwana biyar a lokacin haihuwa ba, an kuma ba tsofaffin gonaki har 2036. A Tarayyar Turai mutane kusan miliyan 1.4 suka sa hannu a takardar neman kawo ƙarshen keji, hukumar Tarayyar ta yi alkawari a 2021 cewa za ta kawo ƙudurin doka zuwa 2023, shekarar ta zo ta wuce ba ta kawo ba.

Ka lura da dogayen wa'adin nan, shekara goma, shekara goma sha biyar. Dalili shi ne da zarar an zuba kankare an kafa ƙarfe da kuɗin bashi, gyara ya zama rigima. Mu a nan Ghana, manyan gonakin yanzu ake gina su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da Bature yake kashe kuɗi yana tumɓukewa, bai kamata mu ci bashi mu dasa shi ba tare da tambaya ba.

Amma a yi wa mai gona adalci, domin yana da hujja. Jaririn alade bai fi kilo ɗaya da rabi ba, uwarsa ta ninka shi fiye da sau ɗari. In ta zube a kansa, shi ke nan. Don rage wannan asara aka yi kejin, ba don mugunta ba. Mai gona da ya sayi masara da waken suya da tsada, duk ɗa ɗaya da ya mutu kuɗin makarantar yaransa ne ya ragu. Duk wanda zai yi maganar tausayi ya manta da wannan, ba za a saurare shi ba, kuma da gaskiyar masu ƙin saurarensa.

Sai dai hujjar tana da iyaka. Mafi yawan dannewar tana faruwa ne a kwana uku ko huɗu na farko, lokacin da jariran ba su da ƙarfin gudu. Wannan ne ya sa Jamus ta tsaya a kwana biyar. To in haɗarin na kwana huɗu ne, me ya kawo ɗaurin wata guda? Akwai kejin da ake buɗe gefensa bayan waɗannan kwanaki, uwa ta sami wurin juyawa, jarirai kuma a yi musu lungu mai ɗumi da ƙarfen kariya a jikin bango.

Kuma kada in yi ƙarya don in ci gardama: cire keji kaɗai ba ya kawar da gyambo. Ko a Suwidin da babu kejin, ana samun sa, saboda uwa ramammiya a kan busasshen daɓe za ta ji ciwo ko da ɗakin ya kai filin ƙwallo. Abu uku ne suke haɗuwa: jikin dabbar, abin da take kwance a kai, da daɗewar kwanciyar. Biyun farko ma ba sa bukatar rushe gini. Shimfiɗar roba a daidai kafaɗa, ko garin katako da buntun shinkafa inda magudanar ruwa ta ba da dama. Raba abinci sau uku ko huɗu, a ba da mafi yawa da asuba da yamma lokacin sanyi, wanda kuma yana sa ta tashi tsaye. Ruwa mai gudu sosai a bakin famfonta. Ɗiga mata ruwa a wuya da tsakar rana. Allurar ƙazuwa kafin a kai ta ɗakin haihuwa. Duba kafaɗa kullum, da an ga ja a sa shimfiɗa a shafa man zinki, in ya buɗe a kira likita, in ya yi zurfi a yaye 'ya'yan da wuri. Ɗan ƙanwata ya ce abin da ya fi ba shi haushi ke nan: maganin bai kai kuɗin ɗan alade ɗaya ba. Ita kuwa uwar da ta rame ta yi gyambo, takan yi jinkirin sake ɗaukar ciki, a fitar da ita daga garke tun ba ta biya kuɗinta ba. Tausayi da riba a nan hanyarsu ɗaya.

To ina ruwan Zango? Ruwanmu uku ne.

Na farko, bakinmu yana ciki. Wa ya fi mu kai ƙara wurin asambiliman idan aladun maƙwabta suka shigo unguwa, suka bi kwata, suka zo bakin masallaci? Kuma muna da gaskiya. Aladen da ke yawo yana cin bayan gida shi ne ke riƙe da zagayen tsutsar ciki mai faɗi, wadda ƙwanta kan kai ƙwaƙwalwar mutum ya jawo farfaɗiya, kuma wanda bai taɓa cin naman ba ma yana iya kamuwa ta gurɓataccen abinci ko ruwa. Su ma masu kiwon, tun da zazzaɓin aladu na Afirka ya shigo Ghana a 1999, sun gane cewa sakin dabba kasada ce, don cutar ba ta da magani. Kowa ya yarda a kulle. Amma wanda ya ce a ɗaure, ba zai ce babu ruwansa da irin igiyar ba.

Na biyu, lafiyarmu. Inda miki ya yi yawa, allura da garin maganin kashe ƙwayoyin cuta suna yawa, sau da yawa ba tare da likita ba. Ƙwayar cutar da ta saba da magani ba ta tambayar addinin kowa. A Holan, wajen 2004 zuwa 2005, an gano wata ƙwayar cuta mai bijire wa magani a jikin aladu da masu kiwonsu, daga baya ta bazu sosai a gonakin Denmak. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa a 2019 mutane miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ba na cewa gyambon aladiya ne ya jawo wannan, rashin bin ƙa'ida a asibitoci da kantunan magani ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Amma ruwan wankin gona rafi ɗaya yake shiga da wanda ake ban ruwan latas da kabejin da muke saya, ma'aikacin gonar kuma mota ɗaya muke shiga, layin asibiti ɗaya muke bi.

Na uku, shi ne wanda ya fi nauyi a wurina. A wurare huɗu Alƙur'ani ya ambaci haramcin naman alade, a Baƙara, Ma'ida, An'am da Nahli. Maganar ci ce. Ban taɓa jin malamin da ya karantar da cewa wannan haramci ya ba da izinin azabtar da dabbar ba. Tun muna makarantar allo aka ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Aka ba mu na mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kyanwa da kare, wanne muke yankawa? Babu. Ashe rahama ba ta tsaya kan abin da ke shiga tukunya ba. A mazhabar Malikiyya ma, wadda akasarin iyayenmu suka tashi a kanta, dabba mai rai jikinta mai tsarki ne, har da kare da alade, ko da yake Shafi'iyya sun saɓa. Ban kawo wannan don in tayar da muhawara ba. Na kawo shi ne don Hajiya ta kwantar da hankali a kan jikanta, kuma don mu bambance tsakanin abin da addini ya hana da abin da ƙyama ta ƙara.

Yanzu sai mu juyo da madubi, domin laifi tudu ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tulaku ko a mayankar Kumasi lokacin da motar shanu ta iso daga Paga ya ga irin wannan gyambon, amma a ƙugun saniya. An cusa su sun yi kwana da kwanaki ba ruwa, wadda ta faɗi an tattake ta, wadda ta kasa tashi a murɗe mata wutsiya. Ragon layya kuma a turke shi da gajeriyar igiya wata biyu a kan siminti har gwiwa ta goge. Waɗannan namu ne, mahautanmu, dillalanmu, direbobinmu. Dokar laifuka ta Ghana ta 1960, a sashe na 303, ta hana zaluntar dabba, kuma ba ta ware saniya daga alade ba. In muka nemi a yi aiki da ita a gonar maƙwabci, to mu shirya ta zo kanmu. Ni ina ganin hakan alheri ne. Mu kusan ɗaya cikin biyar ne na mutanen ƙasar nan, kuma marar rinjaye ba shi da garkuwar da ta fi doka mai auna kowa da mudu ɗaya. In maganarmu a kan alade kullum "a kore su" ce kawai, za a ɗauke ta ƙiyayyar addini, a ajiye ta gefe. In muka ce a killace su, a killace su da kyau, mu ma ga namu gyaran, wa zai ce mana a'a?

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma babu mai wuya a ciki.

Asambilolin da ke ba da izinin gina gonar aladu su sa sharuɗɗa a rubuce: nisa daga gidaje da rafi, inda ruwan wanki zai tafi, shimfiɗa a ɗakin haihuwa, da keji mai buɗewa ga duk sabon gini. Wakilanmu na Zango a asambili su ne ya kamata su kawo wannan, maimakon su tashi su fita duk lokacin da aka ambaci alade.

Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta sa duba kafaɗa da hantsa cikin abin da jami'anta ke rubutawa idan sun ziyarci gona, haka ma a wurin yanka. Abin da ba a ƙirga ba, ba a gyara shi. Denmak ma da ƙirga ta fara.

Sarakunan fawa da shugabannin kasuwar shanu su riga kowa: a sa iyakar adadin shanu a mota, a sa wurin shayarwa a hanya, a hana lodin dabbar da ba ta iya tsayawa.

Limamai kuma, idan huɗubar tausayin dabbobi ta zo gab da Babbar Sallah, kada ta tsaya kan wasa wuƙa. A faɗa wa yara cewa jifan kare, ƙona jaki da duka, ko watsa wa aladen maƙwabci tafasasshen ruwa, duk zalunci ne.

Sannan mu daina kunyata 'ya'yanmu da suka karanci aikin dabbobi. Ƙasar nan tana da ƙarancinsu, kuma wanda ya koyi gane ciwo a jikin dabbar da ba ya ci, shi ne gobe zai tsaya a mayanka ya hana a sayar mana da naman saniya mai tarin fuka.

Kafin yaron ya koma, na tambaye shi yadda aka ƙare da waccan aladiyar. Ya ce ya yanko wani tsohon falen roba ya shimfiɗa mata, yana wanke mikin safe da yamma da safar hannu, ya kuma roƙi mai gonar a riƙa ba ta abinci da asuba. Mai gonar ya yi masa dariya da farko, ya ce ashe Alhaji ma yana tausayin alade. Bayan kwana goma mikin ya fara haɗewa, sai ga mutumin ya aiko a yanko wa sauran.

Hajiya dai har yanzu ba ta yarda takalmin ya shiga ɗakinta ba, kuma ba wanda ya ce ta yarda. Amma da zai tafi na ji tana ce masa, "To, ka riƙa ba ta ruwa, ka ji? Mai shayarwa ba ta haƙuri da ƙishirwa."

Allah Ya sa mu dace, Ya ji ƙanmu kamar yadda muke jin ƙan abin da ke ƙarƙashinmu.